Hayaƙin Apapa zai biyo kwantena zuwa Zawaciki ne?

MaiTirela_Kumbotso:
Assalamu alaikum jama'a. Daga cikin mota nake rubuta wannan, ina layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, yau kwanana biyu. Shekarata 14 ina ɗaukar kwantena daga Legas zuwa Kano. Da asuba idan na goge gilashin mota, tsumman baƙi ƙirin yake komawa kamar an goge gindin tukunya. Majinar da nake tofarwa ma haka. Yaron motata ƙarƙashin tirela yake shimfiɗa tabarma, salansar motar gabanmu na busa masa hayaƙi a fuska har gari ya waye, saboda mai motar yana tsoron idan ya kashe ba za ta sake tashi ba. Babu banɗaki, kowa kwata yake nufa. Ruwan bakin tashar kuwa, leda da robobi sun rufe shi, inda ya ɗan buɗe sai ka ga mai yana walƙiya a kai launi-launi.

Gidana yana Kumbotso, ba nisa da Zawaciki inda aka gina tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kwantena a tudu, nesa da teku. Ranar da Buhari ya buɗe ta a Janairun 2023 na yi murna ƙwarai. Yanzu kuwa tunani ya dame ni. Idan harka ta kankama, abin da nake gani a nan shi zai sauka ƙofar gidana, inda 'ya'yana ke wasa? Shin akwai tashar jiragen ruwa a duniya da ba ta ƙazanta unguwarta, ko dai haka abin ya gada? Kuma wa ke da alhakin gyarawa?

Alhaji_Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam direba, Allah ya ba ka lafiya. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Babu kasuwar da ba ta tara shara. Mu da muke biyan kuɗin jinkirin kwantena a Legas, addu'armu kullum tashar Dala ta cika ta batse. Kada mu fara kukan hayaƙi tun wutar ba ta kama ba.

Maman_Ummi:
Alhaji, ai tun ran gini tun ran zane. Idan ba a yi maganar yanzu ba, sai yaushe? Sai yara sun fara tari?

Injiniya_Ikko:
Malam direba, tambayarka mai kyau ce. Na yi shekaru ina aikin injin jirgi, don haka bari in fara da abin da ba ka gani daga layi. Hayaƙin da kake shaƙa ba na tireloli kaɗai ba ne. Manyan jirage baƙin mai suke ƙonawa, wanda ya rage a gindin matata bayan an tace fetur da kananzir da gas. Kaurinsa ya kai sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. Kafin 2020 doka ta yarda a samu farar wuta har kashi 3.5 cikin ɗari a cikinsa. Daga 1 ga Janairun 2020 hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta sauko da shi zuwa 0.5. Wannan babban sauƙi ne ga huhun mutanen bakin teku, in dai akwai mai shiga jirgin ya ɗebi man ya auna.

Sannan idan jirgi ya jingina, babban injinsa ne kawai ake kashewa. Janaretocinsa suna ci dare da rana, don fitilu da famfuna da kwantenoni masu sanyi. Jirgi guda zai iya kwana uku ko huɗu a haka. Maganin da aka samo shi ne a jawo masa wutar lantarki daga tudu da kebul mai kaurin cinya, a jona, ya kashe janareta. Tashar Los Angeles ta Amurka ta fara yi wa jiragen kwantena haka tun 2004, Tarayyar Turai kuma ta sa wa manyan tashoshinta wa'adin 2030. Saboda haka amsar tambayarka kan tashoshin duniya: babu tashar da take fes, amma akwai waɗanda suka rage abin sosai.

Ɗan_Sabongari:
Injiniya, da wace wutar za a jona jirgin? Shagona jiya awa huɗu muka samu.

Injiniya_Ikko:
Gaskiyarka. Jirgi ba zai yarda ya jona wutar da za a ɗauke masa kifi na cikin sanyi ba. Sai tashar ta mallaki nata injin wuta mai aiki da iskar gas, wadda muke da ita har muna ƙona ta a banza a Neja Delta. Hayaƙin iskar gas bai kama ƙafar na baƙin mai ba.

MaiTirela_Kumbotso:
Na gode Injiniya. To mu masu tirela fa? Don ni a idona mu ne muka fi yawa.

Injiniya_Ikko:
Ku ne kuka fi kusa da hancin jama'a. A can Los Angeles da maƙwabciyarta Long Beach, a 2008 aka hana duk motar da aka ƙera kafin 1989 shiga tasha, zuwa 2012 sai wadda injinta ya cika ƙa'idar hayaƙi ta 2007.

MaiTirela_Kumbotso:
To ai an kashe mu ke nan. Motar da nake ja ta girmi yaron motata. Mai ita da ƙyar yake sayen taya. Idan aka ce sai sabuwa, manyan kamfanoni ne za su kwashe aikin, mu koma gida.

Injiniya_Ikko:
Wannan kukan direbobin can ma sun yi shi, kuma wasu sun sha wuya da bashi. Abin da aka yi shi ne an ɗora ɗan haraji kan kwantena mai kaya, aka riƙa tallafa wa sayen sababbin motoci da kuɗin. Wato mai kaya ya ɗauki wani kaso. Ni a ganina nan ne adalcin yake. Direba ba shi ya fi kowa cin ribar kwantena ba, bai kamata ya biya da huhunsa sannan ya sake biya da aljihunsa ba.

Alhaji_Kwari:
Wato dai a kanmu za a sauke. Mu kuma mu ɗora a kan yadi da atamfa, Maman_Ummi ta zo saye ta ce mun yi tsada.

Likita_Zariya:
Alhaji, ana biya ko yanzu, sai dai a asibiti ake biya. Bankin Duniya ya fitar da bincike kan iskar Legas, ya ƙiyasta cewa a 2018 gurɓatacciyar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba duka daga tasha ba ne, akwai motocin gari da janaretoci da ƙona bola, amma tashoshin suna cikin lissafin. Ƙurar hayaƙin man dizal ƙanana ce ƙwarai, gashin hanci ba ya tare ta, har cikin jini take shiga. Malam direba, baƙar majinar nan kada ka raina ta. Idan ka dawo ka je a duba ƙirjinka, kuma ka ɗauke yaron nan daga ƙarƙashin mota.

Baba_Tsohon_Reluwe:
'Ya'yana, ku ba ni dama. Duk kuna maganar gyaran tirela, ba wanda ya tambayi me ya kawo tirela dubbai bakin ruwa tun farko. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Dalar gyaɗar da kuke gani a hoto, a tarago ta tafi Apapa, haka auduga da fatu. Ina yaro mahaifina yana aiki a tashar jirgin ƙasa, kuma ni ma a nan na yi ritaya. Kan jirgi guda yana jan abin da tirela talatin ko arba'in za su ɗauka, da inji ɗaya, ba ya tsayawa a gosulo yana ƙona mai a banza. Da muka saki dogo muka rungumi kwalta, sai Apapa ta shaƙe.

Na ga lokacin jiragen siminti a 1975, jirage ɗaruruwa sun yi cirko-cirko a bakin Legas wata da watanni, har siminti ya daskare a cikin wasu. Wannan ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. An ƙara wurin jingina jirgi, amma ba a ƙara hanyar fitar da kaya yadda ya kamata ba. Sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a Yunin 2021 yana da reshe har cikin tashar Apapa. To tashar tsandauri idan babu jirgin ƙasa mai zuwa a kai a kai, garejin tirela ce kawai da katanga. Malam direba, abin da za ka sa wa ido ke nan. In kaya a dogo suke isowa Zawaciki, hayaƙin zai yi sauƙi. In a kwalta ne, abin da kake tsoro zai iya faruwa.

MaiTirela_Kumbotso:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ko da yake maganarka tana taɓa tuwona, gaskiya ce. Ni da zan samu jigila daga Zawaciki zuwa Kwari da Singa da Dawanau in kwana gidana, wallahi ya fi mini kwana tara a hanya.

Direban_Tanka_Gusau:
A yi adalci dai, layin ya ragu. Wanda ya san 2018 da 2019 ya san motoci sun hau gadoji sun miƙe har wajen Ojuelegba. Ni na taɓa yin kwana 19 a layi guda. Tun da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Najeriya, NPA, ta kawo tsarin Eto a Fabrairun 2021, wanda sai an kira lambarka ta waya kafin ka taso daga gareji, abin ya yi dama. Matsalar da ta rage masu tare hanya ne suna karɓar na goro su tsallakar da wanda bai da kira. Ko makon jiya sai da wasu suka tsare ni. Motar da ke zaune a gareji a kashe ba ta hayaƙi. Tsara layi kawai ya rage ƙazanta ba tare da an sayi ko ƙusa ba.

Masunci_Yawuri:
Ku duk ta sama kuke, ni ta ƙasan ruwa nake ji. Mu masunta ne gado, muna bin Kwara har ƙasan Lakwaja. A 2009 marigayi 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yasar kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, don jirage su riƙa hawowa. Ina wurin na ga injin yasa yana aiki. Ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Inda muka saba jefa koma mu samu giwan ruwa da ragon ruwa, sai muka riƙa ɗago laka. Yashin da aka zuƙo an tara shi a wasu bakin gaɓa inda kifi ke shiga ciyawa ya yi ƙwai. Ban ce kada a yashe ba, mu ma muna son jirgi ya zo. Amma ko sau ɗaya ba a tara sarakunan ruwa an tambaye su wane wata kifi ke ƙwai, wane lungu ne ba a taɓawa ba. Kuma da damina biyu ta wuce, yashi ya dawo abinsa.

Ɗan_Bida:
An buɗe tashar Baro a Janairun 2019. Ku je ku gani da idonku ko jirage na sauke kaya. An dami kifi, kayan ma ba su zo ba.

Injiniya_Ikko:
Malam Masunci ya taɓo abin da ya fi wuya. Yasa ba aikin sau ɗaya ba ne, kogi kullum yana kawo yashi. A tashoshin teku ma abin ya fi haka haɗari, domin lakar gindin tasha ta shekara da shekaru tana shan mai da dalma da fentin jirgi. Akwai wani fenti mai sinadarin TBT da ake shafa wa cikin jirgi don kada ƙwari da gansakuka su manne, aka gano yana lalata halittar dodon koɗi da kawa, aka haramta shi gaba ɗaya a 2008. Amma wanda ya riga ya zauna cikin laka yana nan. Ka tono shi, ka tayar da guba mai barci. Ƙa'ida ita ce a ɗebi lakar a auna kafin a taɓa. Mai tsabta a yi cikon gaɓa da ita, mai guba a killace ta a wuri mai katanga. Kuma a kauce wa lokacin ƙwan kifi, wanda masunci ya fi injiniya saninsa.

Alhaji_Agege:
Tun 1972 nake Legas. Wanda ya san Bar Beach a da ya san yashi ne fari fetal, sai ka yi tafiya kafin ka taɓa ruwa. A idonmu teku ta cinye shi har ta riƙa hawowa titin Ahmadu Bello tana shiga ofisoshi. Mutane suka ce aljanun ruwa ne suka yi fushi. Daga baya wani masani ya yi mini bayani. Turawan mulki sun fara jera dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar Legas tun wajen 1908, don yashi ya daina toshe hanyar jirgi. To igiyar ruwa a wannan gaɓar daga yamma take tura yashi zuwa gabas. Katanga ta tare shi, ɓangaren yamma ya yi ta tara yashi, ɓangaren gabas inda Bar Beach take ya rasa mai ciyar da shi, ruwa ya yi ta gatsa. Yanzu an cike wurin an yi sabuwar unguwar Eko Atlantic da babbar katanga. Tambayata, ruwan da aka kora daga nan ina ya nufa? Mutanen ƙauyukan gabas su ne za su faɗa.

BaMaraɗe:
Alhaji, abin da ka faɗa shi ne a Kwatano sak. Mu 'yan Nijar tashar ta zame mana kamar tamu, shekaru muna ɗauko kaya ta Malanbil mu ƙetaro Gaya. Gabas da tashar, wajen Akpakpa, na ga gidaje rabi a tsaye rabi cikin teku. Gwamnatin Benin sai da ta jera duwatsu cikin ruwa don tare zaizayar. Lome ma haka, gabashin tashar teku ta ci tsohuwar hanyar mota. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 kayanmu suka koma Lome su bi ta Burkina, tafiya ta ƙaru, man da ake ƙonawa ya ƙaru. Ga kuma bututun ɗanyen mai daga Agadem zuwa Seme, kusan kilomita 2,000, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. Man namu ne, amma idan ya malala, masuncin Seme ne zai kwana da yunwa. Don haka wanda ya ce ba mu da teku ba ruwanmu, bai duba da kyau ba.

Injiniya_Ikko:
Ita zaizaya tana da dabara. A Durban ta Afirka ta Kudu an daɗe ana zuƙe yashin da ya taru a gefe guda na mashigar tasha, a tura shi ta bututu zuwa gaɓar da ke ramewa. Aiki ne na kullum mai cin kuɗi, shi ya sa ya kamata a sa shi cikin lissafin tasha tun ranar farko. Sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a Janairun 2023, mai zurfin mita 16.5, ita ma tana da doguwar katangar tare igiya. Gaɓar da ke gabas da ita ce wurin sa ido.

Ɗan_Sabongari:
Ba ta irin waɗannan jiragen aka kawo mana kainuwar nan mai shuɗin fure da ta toshe ruwan Legas ba? Na ji an ce cikin ruwan da jirgi ke ɗauka take zuwa.

Malama_Haɗejiya:
Ɗan'uwa, an haɗa maka magana biyu. Wannan kainuwar asalinta Kudancin Amurka ne, mutane suka yaɗa ta don kyan furenta, kuma ta shigo ruwan Legas wajen 1984 ta rafukan Badagry daga Jamhuriyar Benin. Ruwan daɗi take so, ba ta jure gishirin teku. Amma batun ruwan jirgi gaskiya ne. Jirgi idan ya sauke kaya sai ya zuƙi ruwan teku cikin tankunansa don ya daidaita, ya je wata nahiya ya zubar, da ƙwayayen halittu da ƙananan kifaye da ƙwayoyin cuta a ciki. Haka wani ɗan ƙaramin kawa mai zane ya shiga manyan tafkunan Amurka da Kanada a ƙarshen shekarun 1980 ya riƙa toshe bututun ruwa. An yi yarjejeniya a 2004, ta fara aiki a Satumban 2017, cewa sai jirgi ya tace ruwan ya kashe abin da ke ciki kafin ya zubar. Mu mutanen Haɗejiya da Nguru mun san ciwon ciyawa idan ta mamaye ruwa. Kacalla ta cinye mana gonaki da hanyoyin kwalekwale, ko da yake ita ba jirgi ya kawo ta ba, canjin tafiyar ruwa bayan gina madatsu ne ya ba ta wuri.

Malam_Tarihi:
Akwai ƙazantar da ba daga injin jirgi take fitowa ba, a cikin kayan take. A 1988 aka gano an shigo da dagwalon masana'antu mai guba daga Italiya, tan dubu uku da ɗoriya, ta ƙaramar tashar Koko da ke jihar Delta a yau. An jibge gangunan a filin wani mutumin garin ana ba shi dala 100 a wata, bai san abin da ke ciki ba. Gangunan suka fara yoyo a rana. Gwamnatin Babangida ta janye jakadanta daga Italiya, ta tilasta aka kwashe. Ma'aikatan da suka yi lodin wasu sun ƙone, wasu sun kwanta asibiti. Wannan abin ne ya haifi dokar hana shigo da shara mai guba ta 1988 da hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda daga baya hukumar NESREA ta gaje aikinta a 2007. A duniya kuma aka yi yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka suka yi ta Bamako a 1991.

Ɗan_Bida:
Ba wannan ba ne aka ce mutum 17 sun mutu?

Malam_Tarihi:
A'a, wancan na Abijan ne, Agustan 2006. Jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya. Sun fara kai dagwalon Amsterdam, da aka auna aka ce kuɗin sarrafa shi ya ninka, sai suka mayar cikin jirgi. A Abijan wani ƙaramin kamfani ya karɓa da araha, tankoki suka bi dare suna zubarwa a bololin gari. Hukumomi sun ce mutum 17 sun rasu, sama da 100,000 sun je asibiti. Kamfanin ya biya gwamnatin ƙasar dala miliyan 198 ba tare da ya amsa laifi ba. Darasin da ke ciki ga kowace tasha: yarjejeniyar hana jirage gurɓata teku, MARPOL, ta wajabta a tanadi wurin karɓar dattin jirgi, baƙin mai da ruwan wanki da shara da bahaya. Amma karɓa ba ta isa ba, sai an bi tankar an ga inda ta juye.

Ɗan_Zongo_Ashaiman:
Gaisuwa daga Gana. Mu a nan Tema muna da namu. An buɗe tashar a 1962, kuma kafin nan sai da aka tashi masuntan tsohon garin aka mai da su Tema New Town. Tafkin Chemu da ke kusa, dattawa sun ce da ana kamun kifi a ciki, yau ruwan masana'antu ya mai da shi baƙi mai wari. Sai kuma kwantenonin tsofaffin talabijin da firji da kwamfuta. A takarda kayan gwanjo ne, a zahiri da yawa matattu ne. Ƙarshensu hannun yaranmu 'yan gwangwan, suna ƙona waya don cire tagulla, hayaƙi kore da shuɗi yana shiga ƙirjinsu. An rushe Agbogbloshie, babbar matattarar 'yan gwangwan a Accra, a 2021, amma sana'ar ta watsu ne kawai cikin unguwanni. Abu ɗaya da na yaba, lokacin faɗaɗa tashar an ɗauki mutane suna tsince ƙwan kunkurun teku daga gaɓar da za a yi aiki, a ƙyanƙyashe a killataccen wuri a sake su. Ƙaramin abu ne, amma ya nuna idan masu ba da bashin gini suka gindaya sharaɗi, ana bi.

Alhaji_Agege:
Yaran jari-bola da ke bayan kasuwar Alaba ma yawancinsu namu ne. Ka ji Hausa tana tashi cikin hayaƙi, ranka ya ɓaci.

Maman_Ummi:
Mun yi nisa har Gana, mu dawo kan tambayar bawan Allah. Shi fa ƙofar gidansa yake ji. Zawaciki ba teku, ba yasa, ba kunkuru. Me zai nema takamaimai?

Lauya_Gyaɗi-Gyaɗi:
Hajiya ta kyauta. Malam direba, akwai dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992. Babban aiki irin wannan sai an rubuta rahoto kan abin da zai jawo wa iska da ruwa da jama'a da yadda za a magance, kuma ana baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su karanta su yi ƙorafi. A cikinsa akwai alkawuran da masu aikin suka ɗauka. Ku haɗu da mai unguwa da dagaci ku rubuta takarda zuwa ma'aikatar muhalli ku nemi kwafi. Haƙƙinku ne, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba ku. Idan ya zo hannu, ku duba ko an tanadi garejin tirela mai banɗaki da ruwa nesa da gidaje, ko magudanar tashar tana da ramin tare mai kafin ruwan ya fita, da kuma inda za a ajiye kaya masu haɗari. Wannan na ƙarshen kada ku yi wasa da shi. Abin da ya tashi Beirut ranar 4 ga Agustan 2020 ba yaƙi ba ne, tan 2,750 ne na sinadarin da ake takin zamani da nakiya da shi, aka sauke daga wani jirgi aka manta da shi a sito shekara shida. Sama da mutum 200 suka mutu. Sito ba ya buƙatar teku kafin ya fashe.

Ɗan_Panshekara:
Ku ƙara da ruwa. Yankin nan ya riga ya sha wuya da dagwalon masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa. Mai noman rani a bakin kogin ya san launin ruwan da yake ba wa latas ɗinsa. Idan wankin kwantena da baƙin man gareji suka ƙaru a kai, ina za mu sa kanmu?

Alhaji_Kwari:
To, na ji. Ban janye cewa muna buƙatar tashar ba, kuma ina tsoron a yi ta rubuce-rubuce har masu zuba jari su gudu, kamar yadda masaƙunmu suka mutu muna kallo. Amma maganar sito da ta gareji ta shige ni. Shagona a kasuwa yake, na san abin da gobara ke yi. In za a kai takardar, a sa sunan 'yan kasuwa a ciki, zan yi wa shugabanninmu magana.

Ustaz_Fagge:
Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Ciniki halal ne, amma ribar da za ta bar maƙwabci da ciwon ƙirji akwai tambaya a kanta gobe.

Baba_Tsohon_Reluwe:
Ku sa batun dogo a sahun farko na takardar. Kaduna ta samu tata tashar tsandaurin tun Janairun 2018, Funtuwa a 2024, ga layin Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa. Ku tambaya a rubuce: kwantena nawa ne cikin ɗari za su riƙa zuwa ta jirgin ƙasa?

MaiTirela_Kumbotso:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Yanzun nan layi ya motsa, saura mota shida in kai ƙofa. Na tashi yaron ya dawo cikin mota. Likita, in na iso zan je a duba ni in sha Allahu. Lauya, zan neme ka ta akwatin saƙo kan yadda ake tsara takardar, mai unguwarmu mutum ne mai saurare.

Masunci_Yawuri:
Allah ya kiyaye hanya. Injiniya, kafin ka tafi, wancan awon lakar da ka ce ana yi kafin yasa, mu masunta muna da ikon neman a nuna mana sakamakonsa? Don ana ta maganar za a sake yashe Kwara.